Cutar noma: Aikin da ke jiran mataimakan likitan haƙori a wajen asibiti

A ranar 15 ga watan Disambar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya cutar noma a jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su. Najeriya ce ta ja gaba wajen neman hakan, inda ta miƙa buƙatar tun a watan Janairun shekarar a madadin ƙasashe 32. An yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin cutar da ba ta cikin jerin ba kasafai masu bayar da kuɗi ke waiwayarta ba.

Sai dai sanya hannu a takarda a Geneva ba ya buɗe bakin yaro ko ɗaya a ƙauye. Ita kuwa noma a cikin baki take farawa, a ɓoye, kuma a can ne kaɗai ake iya tare ta cikin sauƙi. Tambayar da har yanzu ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba ita ce: wa zai riƙa duba bakin yaran?

Likitocin haƙori ba za su iya ba, ko da sun so. Ba su da yawa, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su suna manyan birane ne. Amma akwai wani rukuni na ma'aikatan lafiya da aka horar a kan baki da haƙori, waɗanda kwalejoji ke yaye su duk shekara, kuma da yawansu na zaune a gida ko suna aikin sa-kai a asibitoci. Su ne mataimakan likitan haƙori.

Kwanakin da ake rasa yaro

Ga wanda bai san cutar ba, sunan ma kansa na rikitarwa. Bahaushe in ya ji "noma" gona ce ke faɗo masa a rai. Sunan cutar kuwa daga Girkanci ya fito, daga wata kalma mai nufin cinyewa, kuma babu ruwansa da fartanya. A ƙauyuka wasu na kiranta ciwon daji, wasu ciwon iska. Sunan da aka ba ta kan nuna inda za a fara kai yaron: wanda aka ce iska ce ta taɓa shi ba asibiti ake nufa da shi ba.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman masu fama da tamowa, ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar da su kwanan nan, ga kuma rashin tsabtar baki. Ba a ɗaukarta daga wani. Jikin yaron ne ke yin rauni har ƙwayoyin cutar da ke bakinsa su fi ƙarfinsa.

Da farko dasashi ne ke yin ja, yana zubar da jini in an taɓa. Daga nan sai gyambo ya fito a dasashin, baki ya riƙa wari mai tsanani, miyau na dalala, yaro ya ƙi abinci saboda zafi. Sai kunci ya kumbura. Idan aka kai nan ba a yi komai ba, cikin 'yan kwanaki fatar wurin za ta yi baƙi, naman ya mutu, ya zube, rami ya buɗe a fuska. Cutar na iya cin leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙi, wani lokaci har ido. Duk wannan na iya faruwa cikin mako biyu.

Ƙiyasin WHO ya nuna cewa kusan yara tara cikin goma da ba su samu magani ba mutuwa suke yi. Hukumar ta kuma ƙiyasta samun sababbin masu cutar 140,000 duk shekara a duniya, amma wannan lissafi na 1998 ne. A ce har yau da alƙaluman 1998 ake magana, wannan kaɗai ya isa ya nuna irin watsin da aka yi da cutar.

Waɗanda suka rayu su ne ake gani a Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa tun 2014. A can ake yi musu tiyatar gyaran fuska kyauta. Aiki ne mai wuya: wani sai an yi masa tiyata sau da dama cikin shekaru, wani muƙamuƙinsa ya ƙage ba ya iya buɗe baki sai an daɗe ana motsa shi. A watan Nuwambar 2023 an buɗe wata cibiyar a harabar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

To amma ga abin da ya kamata a tsaya a kai. A matakin gyambon dasashi, maganin noma bai wuce wanke baki da kyau, da ruwan kurkure baki ko ruwan gishiri mai ɗumi, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da wanda aka fi sani da Flagyl, da abinci mai gina jiki ba. Duk abubuwa ne da ake samu a ƙaramin asibiti. Tsakanin wannan magani mai arha da tiyatar shekaru, ko kabari, 'yan kwanaki ne kawai, da kuma mutum ɗaya da ya san abin da yake gani in ya ɗaga leɓen yaro.

Su wane ne mataimakan?

Duk wanda ya taɓa zuwa cire haƙori ya gan su, ko da bai tambayi sunan aikinsu ba. Su ne ke shirya kujera, su miƙa wa likita kayan aiki, su tsotse miyau da na'ura, su wanke kayan su turara su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, su kuma yi wa mara lafiya bayanin yadda zai kula da wurin da aka cire. A saman su akwai waɗanda suka yi karatu mai zurfi har zuwa babbar difloma, masu izinin wankin haƙori da yin ƙananan ciko da kansu.

Dukansu hukuma ɗaya ce ke yi musu rajista, wato Hukumar Rajistar Jami'an Kula da Lafiyar Haƙori ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993. Kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi, irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, su ne ke horar da akasarinsu a Arewa. Wannan na da muhimmanci, domin ɗaliban waɗannan kwalejoji 'ya'yan yankin ne. Suna jin Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, sun san yadda ake sallama a zaure, kuma akwai mata da yawa a cikinsu, waɗanda za su shiga har cikin ɗaki inda namiji baƙo ba zai wuce ƙofar gida ba.

Matsalar ita ce tsarinmu ya ɗaure su a jikin kujerar likita. Inda babu kujerar haƙori, ana ganin babu aikin da za a ba su. Kujerar kuwa tana babban asibiti ne a hedikwatar ƙaramar hukuma, in ma akwai ta, in kuma tana aiki. Galibin cibiyoyin lafiya matakin farko, waɗanda su ne talaka ke iya kaiwa da ƙafa ko a kan babur, ba su da kowa da aka horar a kan baki. Jami'in lafiyar da ke can zai auna zafin jiki, ya auna dantse, ya duba ido, ya yi gwajin zazzaɓi, amma sau da yawa ba zai ce a buɗe baki ba. Ba sakaci ba ne, abin da aka fi nanata masa ke nan a horo, ga kuma layi ya yi tsawo.

Inda yaran suke

Ba sai an ƙirƙiro sabon shiri ba. Yaran da noma ta fi yi wa barazana an riga an san inda suke taruwa.

Wuri na farko shi ne cibiyoyin kula da masu tamowa, inda iyaye mata ke zuwa duk mako karɓar abincin nan na leda da ake haɗawa da gyaɗa. Duk yaron da ke kan wannan layi yana cikin haɗari. Kuma layin ƙaruwa yake yi: a watan Yulin 2025 MSF ta sanar da cewa yara 652 ne suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina sakamakon tamowa a cikin wata shida na farkon shekarar, a daidai lokacin da ƙasashen waje ke janye tallafi. Inda tamowa ta yi irin wannan yawa, noma ba ta nisa.

Mataimaki ɗaya da tocila da safar hannu da tsinken danne harshe zai iya zama a ƙarshen layin, ya duba bakin kowane yaro kafin a sallame shi. Duba ɗaya bai kai minti biyu ba. Wanda dasashinsa ke jini a nuna wa uwar yadda za ta riƙa goge masa da tsabtataccen ƙyalle da ruwan gishiri, a ce ta dawo. Wanda aka ga gyambo ko kumburi a miƙa shi nan take ga jami'in da ke da ikon rubuta magani, ba gobe ba.

Wuri na biyu ya ma fi faɗi, amma a nan ba duba baki ne babban aikin mataimakin ba, koyarwa ce. Duk damina ana bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Wannan lokaci shi ne kuma lokacin da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon amfani ya iso, wato lokacin da yunwa da zazzaɓi ke haɗuwa a jikin yaro ɗaya. Akwai kuma matan da suka yi shekaru suna wayar da kai a kan rigakafin shan inna, waɗanda babu gidan suna da ba su sani ba a unguwarsu, da wakilan shirin CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018. Waɗannan dubban mutane ne da ke ganin yaran ido da ido.

Ba a buƙatar su zama masana. Abu uku kawai za su riƙe: jini a dasashi, wari mai tsanani daga bakin yaro mara lafiya, da kumburin kunci. Wanda zai koya musu wannan da hotuna, ya sa su gwada ɗaga leɓe a gabansa har hannunsu ya faɗa, ya kuma ba su lambar wayarsa don su turo hoto in sun ga abin da ya ɗaure musu kai, shi ne mataimakin likitan haƙori. Horon rabin yini ya isa, matuƙar za a riƙa maimaitawa.

Sai rukuni na uku, wanda ma'aikatan asibiti ba su cika son zancensu ba: masu maganin gargajiya, da wanzamai, da masu kemis. Ko an so ko an ƙi, su ake fara kai wa yaro in kuncinsa ya kumbura. Binciken da MSF ta yi a yankin Sakkwato ya nuna cewa masu maganin gargajiya suna ganin masu cutar, kuma a shirye suke su koyi gane ta su tura asibiti. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda ke aikin noma a can tun farkon shekarun 1990, ta daɗe tana shiga ƙauyuka tana zama da irin waɗannan mutane. Likita mai digiri ba lalle ya samu lokacin zama a rumfar wanzami ba. Yaron garin da ya yi kwaleji ya dawo, wanda wataƙila wanzamin ne ma ya yi masa askin suna, zai iya, kuma za a saurare shi in ya iya bakinsa.

Gangamin kwana ɗaya

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da irin aikin sa-kan da muka saba gani. Ɗan siyasa ko wata ƙungiya su kafa rumfa, a rataya kyalle mai ɗauke da hoto, a kawo ma'aikata a mota, a cire haƙora daga safe zuwa la'asar, a raba burushi, a ɗauki hotuna a sa a Facebook, a watse. Ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, da 20 ga Nuwamba, ranar noma ta ƙasa, an fi ganin irin wannan.

Ba a ce ba shi da amfani ba. Mutumin da ya yi wata uku ba ya barci saboda haƙori, ranar da aka cire masa ranar salla ce a wurinsa. Amma noma ba ta jiran ranar gangami. Cutar da ke gama ɓarna cikin mako biyu, ziyarar shekara-shekara ba za ta tare ta ba. Mataimakin da zai ba da safiyar Talata ɗaya duk mako a cibiyar tamowa ta garinsu ya fi motar ma'aikata ashirin da za su zo sau ɗaya.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. In mutum ɗari biyu suka yi layi, kayan aiki kuma saiti goma ne, babu wuta, babu tukunyar turarawa, to jarabawar a ɗauraye a ci gaba tana da ƙarfi. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum takwas cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka ta jini. Tsabtace kayan aiki shi ne asalin sana'ar mataimaki, shi ya fi kowa sanin ƙa'idarsa a wurin. Babbar gudummawarsa a irin wannan rana wani lokaci ita ce ya ce a dakata, kayan ba su gama ba, ko da mai gangamin zai ɓata rai.

Haka nan shi ma akwai iyakar da bai kamata ya tsallake ba. A ƙauye duk mai farar riga likita ne, kuma za a matsa masa: "Likita, a taimaka a cire min." Wanda ba a horar da shi cire haƙori ko rubuta magani ba, kasancewar aikin kyauta ne ba ya halasta masa. Ranar da aka samu matsala, ba shi kaɗai za a daina yarda da shi ba, har da duk wanda zai zo bayansa da tocila.

Abin da iyakar ta bari ma ba kaɗan ba ne. A 2021 WHO ta sanya man goge baki mai sinadarin fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake ɗigawa a kogon haƙori ya tsayar da ruɓewa, da wani nau'in simintin ciko, a jerin muhimman magunguna. Akwai kuma dabarar ciko da kayan hannu zalla, ba wuta ba injin huda, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980. An yi ta ne musamman don wuraren da babu kujera. Waɗanda aka horar a kan ciko za su iya yin ta a ajin firamare ko a Islamiyya, mataimaki na riƙe musu. Batun goge baki kuwa, a ƙasar da asuwaki yake sunna, mai wayar da kai ba daga tushe zai fara ba. Abin da ya rage shi ne a tuna wa iyaye cewa yaro ɗan shekara uku ba ya iya yi da kansa, kuma ranar da yake kwance ba lafiya ita ce ranar da bakinsa ya fi buƙatar a goge, alhali ita ce ranar da aka fi ƙyale shi don tausayi.

Sa-kai ko ci da gumi?

Kalmar sa-kai tana da daɗin faɗa a bakin wanda ke da albashi. A asibitocin gwamnati da dama a Arewa akwai matasan da suka gama kwaleji suna zuwa aiki kullum ba a biyansu, ko ana ba su abin da bai kai kuɗin mota ba, da fatan in an tashi ɗaukar ma'aikata za a tuna da su. Wasu sun shekara da shekaru a haka. A ce wa irin wannan matashi ya ƙara da zuwa ƙauye da kuɗin aljihunsa, rashin adalci ne.

Don haka in jihohi da gaske suke, lissafin a fili yake. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin yana zuwa kai-tsaye ga cibiyoyin mazaɓu. Kuɗin mota da safar hannu da ruwan kurkure baki na mutum ɗaya da zai riƙa zagaya cibiyoyi uku ko huɗu ba zai karya wannan asusu ba. Hukumomin lafiya matakin farko na jihohi kuma za su iya sanya gurbin jami'in lafiyar baki a duk lokacin da suke ɗaukar ma'aikata, maimakon a bar shi ga manyan asibitoci kawai. Kwalejoji ma na da nasu: ɗaliban da ake turawa koyon aiki, a raba musu lokacin, rabi a gefen kujera, rabi a cibiyar tamowa.

Ga wanda ke da aikin yi kuma yake son ya ba da lokacinsa, hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar rajistar ƙungiya ko buga riga. Ya je wurin shugaban cibiyar lafiya ta mazaɓarsu, ya nuna lasisinsa, su tsayar da rana. Ya riƙe littafi yana rubuta yara nawa ya duba, nawa ke da jini a dasashi, nawa aka tura gaba, su wa suka dawo. Wannan littafin ba ƙaramin abu ba ne a cutar da har yau ake dogaro da ƙiyasin 1998.

Waɗanda suka tsira daga cutar ma sun fara shiga gaba. Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa tiyata a asibitin Sakkwato kuma daga baya ta zama ma'aikaciya a can, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Elysium ta masu tsira daga noma, kuma mujallar TIME ta sanya ta cikin mutum 100 masu tasiri a fannin lafiya a 2024. Uwar da ta ga irin su ta ji daga bakinsu cewa da jinin dasashi abin ya fara, ba za ta ƙara ɗaukar warin bakin ɗanta da wasa ba.

Duba baki dai ba ya cika ciki. Tushen noma yunwa ce, kuma muddin manoma a sassan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato ba sa iya zuwa gona, cibiyoyin lafiya da dama kuma na rufe saboda 'yan bindiga, akwai yaran da babu mai tocilar da zai kai gare su. Amma iyayen da suka gudo daga waɗannan ƙauyuka suna isowa garuruwa, suna kwana a makarantu da kangwaye da tashoshin mota, kuma ranar karɓar abincin tamowa suna kan layi tun da asuba da yaran a goye.